Zobban Tiyo da Murafen Lemo: Littafin Aikin Darasin Rukunin Lambobi

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Na buɗe wannan littafi ne don kada in manta abin da na kashe da abin da na gwada. Bara a allo kaɗai na koyar da babin rukuni da zanen Venn, wato da'irori masu gitta juna da ke nuna abin da rukunoni suka haɗu a kai da abin da suka rabu. Mako biyu ina zana da'ira ina gogewa. Da jarrabawa ta zo, yara suka zana da'irori tsaf kamar da bakin kofi aka auna, amma abin da suka zuba a ciki sai addu'a. Lamba ɗaya sai ka gan ta sau uku: hagu, dama, tsakiya. Waɗanda ba su shiga kowace da'ira ba kuwa, sai a yar da su kamar ba a haife su ba.

Bana ma aji ɗaya na babbar sakandare aka ba ni, yara 63 a rajista, kuma wannan babi yana cikin abin da WAEC da NECO ke tambaya. Shawarar da na yanke ita ce in sauko da zanen daga allo zuwa ƙasa. Da'ira ta zama zoben da za a ɗaga da hannu, lamba ta zama murfin robar lemo, kowace lamba murfi ɗaya tak, daga 1 zuwa 60. In murfi ɗaya ne, yaro ba shi da halin ajiye shi wuri biyu. Dole ya zaɓa.

Na ce kowa ya zo da murfi biyu jibi.

Talata, 14 ga Janairu

Tsofaffin tayoyin keke uku wajen mai faci, ₦1,500. Maka baƙa, ₦500. Jimla ₦2,000.

Alhamis, 16 ga Janairu

Murafe sun fi 200, har da na man shafawa da na jarka. Na zaɓi masu girma ɗaya, na zauna da daddare na rubuta lambobin.

Gwajin farko a tsakar gida ya nuna mini tayar keke ba za ta yi ba. In ka ɗora ɗaya kan ɗaya, tsakiyar da suka haɗu ba ta ɗaukar fiye da murfi huɗu ko biyar sai sun hau juna, ga tayar ba ta kwanciya daidai, gefe ɗaya a sama kamar bakin kwarya. Da na ƙara ta uku sai tsakiyar tsakiya ta koma kamar tafin hannun jariri. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, wai makaranta ce ta koma gareji?" Tayoyin dai 'ya'yana sun gaje su, suna can suna gara su a layi. Asarar farko ke nan.

Asabar, 18 ga Janairu

Na sayo tiyo na ban ruwa, siriri, yadi 12 a kan ₦700 kowane yadi, ₦8,400. Baƙin salatif na masu gyaran wuta, ₦600. Jimla zuwa yau ₦11,000.

Kowane zobe yadi huɗu, wato kimanin mita 3.66. In ka raba da 22/7 faɗinsa ya haura mita ɗaya da 'yan kai, kuma hakan nake so. Na fere guntun itace na cusa a bakin nan da bakin can, na naɗe da salatif. Da yake a nannaɗe aka ajiye tiyon a shago, sai ya riƙa murɗewa yana komawa yadda ya saba. Na shanya shi a rana na danne da bulo har la'asar, ya yi laushi ya karɓi siffa.

Litinin, 20 ga Janairu

Darasin farko. Mun fita ƙarƙashin darbejiya saboda aji ba fili. Na shimfiɗa babbar tabarma, na ce musu tabarmar nan ita ce akwatin da ake zanawa a kewaye da da'irori: duk lambar da muke magana a kanta yau tana kan tabarma, wadda ba ta kanta ba ruwanmu da ita. Yau 1 zuwa 30 kawai muka ɗauka.

Zobe biyu, na jera su nesa da juna da gangan. Na hagu na lambobin da 2 ke rabawa ba saura, wato cika. Na dama na ninkin 3. Na raba murafe, kowa ya zo ya ajiye nasa. Mai 2 ya ajiye, mai 3 ya ajiye, mai 4 ya ajiye. Mai 5 ya tsaya yana juya murfi, sai wani ya ce masa ya mayar aljihu. Na ce a'a, ai a kan tabarma take, ya ajiye ta a fili a wajen zobban. Sai ga mai 6. Ya je hagu, aji ya ce dama. Ya je dama, aji ya ce hagu. Ya juyo ya ce, "Malam, a ƙara mini murfi." Na ce babu. Muka yi tsaye kusan minti uku, ni kuma na kame bakina da ƙyar. Can wata yarinya daga baya, wadda tun farkon zango ban taɓa jin muryarta ba, ta fito ba ta ce uffan ba, ta ja zoben dama ta ɗora bakinsa kan na hagu, ta karɓi 6 ta sa a tsakiya. Aji ya ɗauki tafi.

Abin da na kasa da alli a mako biyu ke nan.

Da aka gama: tsakiya 6, 12, 18, 24, 30. Hagu zalla guda goma, dama zalla guda biyar (3, 9, 15, 21, 27), waje guda goma. Na tambaye su cika nawa ne tsakanin 1 da 30, rabin aji suka ce goma. Sun ƙirga na hagu zalla sun bar na tsakiya, kamar da murfi ya shiga tsakiya ya fita daga zobensa na asali. Sai da na ɗage zoben dama gaba ɗaya suka ga sha biyar zaune cikin na hagu. Wannan ɗagewar ita ce babbar ribar tiyo a kan alli.

Laraba, 22 ga Janairu

Rana mara daɗi. Iskar hunturu ta taso da ƙarfi, murafen roba ba nauyi, muna cikin aiki ta kwashe rabinsu zuwa gindin katanga. Da aka tsinto, 17 da 23 ba a gan su ba. Sannan rubutun maka ya fara gogewa da gumin hannu da ƙura. Mai sayarwa ya rantse mini ba ta gogewa. Araha ba ta ado.

Ga kuma abin da ban hango ba sam. Yara suna zagaye da tabarma ne, wanda ke tsaye ta can gefe a kife yake ganin lamba. Rigima ta kaure a kan murfi ɗaya, wannan na cewa 6 ce tana tsakiya, wancan na cewa 9 ce tana dama. Dukansu da gaskiyarsu. 16 ma daga can 91 take fitowa, 18 ta zama 81, 19 ta zama 61. Minti arba'in ɗin sun tafi a banza.

Alhamis, 23 ga Janairu

Ƙaramin gwangwanin farin fenti ₦2,000, siririn burushi ₦300, salatif mai launi uku (ja, shuɗi, rawaya) ₦1,800. Jimla ₦15,100.

Asabar, 25 ga Janairu

Wuni guda a kan gyara. Na sake rubuta lambobi 60 da fenti, kowace na ja mata layi a ƙasa don a san ina ne ƙafarta. Na kwaɓa ragowar siminti da wani maƙwabci ya ba ni na cika cikin kowane murfi, yanzu iska sai dai ta gaishe su ta wuce. Kowane zobe na yi masa ɗauri-ɗauri da launinsa, don da duk baƙaƙe ne, a inda suka gitta juna ido ba ya gane wanne ya bi ina.

Bayana ya ƙage. Na samu tsohon gwangwanin madara babba na zuba su.

Talata, 28 ga Janairu

Mun koma cika da ninkin 3, amma yau ƙidaya muka sa gaba. Na rubuta: cika 15, ninkin 3 guda 10. Nawa ne ke cikin zobban gaba ɗaya? Duk aji 25. Na ce a je a ƙirga. Monita ya ƙirga ya samu 20, ya sake ƙirgawa, ya dube ni kamar ni na sace biyar. Na sa ya ƙirga zoben ja yana taɓa kowane murfi da tsinke, sannan shuɗi. Da ya zo tsakiya karo na biyu sai wani ya yi ihu, "Ka riga ka taɓa waɗannan!" Shi ke nan. Sai bayan haka na rubuta ƙa'idar a allo: ka haɗa na wannan da na wancan, ka cire na tsakiya sau ɗaya, 15 + 10 − 5 = 20. Alamomin littafi na gamayya da na mahaɗa, mai kama da kofi da mai kama da kofi a kife, su ma yau na nuna musu. Kofi a buɗe yana ɗibar kowa, a kife ba ya rufe sai waɗanda suka haɗu. Ba wata hikima ba ce, amma ta zauna musu.

Alhamis, 30 ga Janairu

Cika da mara. Tsakiya wayam, waje wayam. Yara sun ƙi yarda a bar tsakiya ba kowa, wai zanen bai cika ba. Wani ya kawo shawarar a sa sifiri a can. Na ce sifiri in ka raba da 2 saura nawa? Ba saura. To cika ce, ba ta da gurbi a tsakiya, kuma ma ba ta kan tabarmarmu. Ɗaki ba kowa daban, ɗaki da mutum mai suna Babu daban. Sun yi dariya, ina fata ta shiga.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Ninkin 2 da ninkin 4. A nan ɓangaren "4 zalla" ne ya tashi fanko, tunda duk abin da 4 ta raba 2 ma ta raba shi. Yarinyar nan ta ranar farko ta tambaya ko za a iya naɗe zoben 4 ya ƙanƙance a sa shi cikin na 2 ɗungurungum. Na ce ta yi. Ta ninka tiyon biyu ta ajiye a ciki.

Na ɗan ba su tarihi, don abin da ta yi yana da mai shi. Leonhard Euler, masanin lissafi ɗan ƙasar Suwizalan da ya rasu a 1783, haka yake zana nasa da'irorin: in wannan rukuni yana cikin wancan, sai ya sa ƙarama cikin babba, in ba su haɗu ba ya raba su. John Venn kuwa, Baturen Ingila da ya koyar a jami'ar Kambirij, wanda aka haifa a 1834 ya rasu a 1923, a 1880 ya fito da nasa tsarin: a zana duk mahaɗar da za ta iya yiwuwa tukuna, sannan a duba wacce ke da kowa wacce ba kowa. Shi ba don lambobi ya yi ba ma, don ilimin manɗiƙi ya yi, na auna magana da hujja. A ganina na Venn ya fi dacewa da mai koyo, domin ba sai ka san amsa kafin ka yi zane ba. Na Euler sai wanda ya riga ya gano. Yara dai "zanen Ben" suke cewa, na bar su.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Ba a yi darasi ba, taron malamai.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Zobe uku a karon farko, murafe 60 duka: ja na 2, shuɗi na 3, rawaya na 5. Gurbi takwas ke nan in ka haɗa da waje. Na raba aji gida huɗu, kowane gida da murafe sha biyar, don ranar da na bar su gaba ɗaya turereniya ta fi lissafi yawa.

Sakamako: 2 zalla guda 16, 3 zalla 8, 5 zalla 4 (5, 25, 35, 55). Mahaɗar 2 da 3 guda 8, ta 2 da 5 guda 4, ta 3 da 5 guda biyu (15 da 45). Tsakiyar tsakiya 30 da 60. Waje 16. Jimla 60 cif.

Kafin mu kai nan an sha fama da 51 da 57. Gida biyu suka jefa su waje, wai "ba su yi kama da masu rabuwa ba". Na tuna musu dabarar haɗa ƙwayoyin lamba: 5 da 1 shida, 5 da 7 sha biyu, duka 3 na raba su. 51 ita ce 3 sau 17, 57 kuma 3 sau 19.

Sai wani yaro mai kaifin kai ya dubi na waje ya ce, "Malam, ai waɗannan duk gagara-rabo ne." Sunan da ajin nan ya raɗa wa lambobin da ba mai raba su sai 1 da su kansu ke nan, ni ma na ɗauka. Na kusa cewa haka ne, don 7, 11, 13, 17, 19, 23, 29, 31 duk suna nan a jere. Allah ya taimake ni idona ya faɗa kan 49. Na ce ya sake dubawa, akwai baƙi biyu a cikinsu. Aka tashi ba su gano ba, na bar musu shi aikin gida.

Talata, 11 ga Fabrairu

Mutum tara sun kawo 49, wato 7 sau 7. Mutum biyu kacal suka kawo 1. Sauran suka yi mini ca, wai 1 ai ita ce uwar gagara-rabo. Na ce gagara-rabo masu raba ta biyu ne daidai, 1 da ita kanta. Ita 1 mai raba ta ɗaya ne. Ba su gamsu sosai ba. Na ƙara da cewa in aka bar 1 ta shiga, 6 za ta zama 2 × 3, ta zama 1 × 2 × 3, ta zama 1 × 1 × 2 × 3, ba ranar ƙarewa, alhali amfanin gagara-rabo shi ne kowace lamba hanya ɗaya ce ake warware ta zuwa gare su. Wannan ta fi kama su.

Hoto-kwafin gwaji, takarda 60 a kan ₦50, ₦3,000. Jimla ₦18,100.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Gwaji a rubuce, ba tabarma ba murfi. Mutum 58 suka zauna. Na maka da daddare, barci ya ƙaurace mini.

Tambayar farko, a jera 1 zuwa 20 cikin da'ira biyu: 47 sun ci, kuma mutum uku kawai suka maimaita lamba. Bara da wuya in samu sha biyar. Alhamdu lillahi.

Tambaya ta biyu irin ta jarrabawa ce, ta labari: ɗalibai kaza na son wannan darasi, kaza na son wancan, kaza ba sa son ko ɗaya, nawa ke son duka biyun? Mutum 12 suka ci. Sha biyu cikin hamsin da takwas.

Da na bi takardun ɗaya bayan ɗaya na ga laifin nawa ne. Mako huɗu ina koya musu cewa lambar da ke cikin zobe ita kanta ce mazauniyar wurin: 6 tana nan don ita 6 ce. A tambayar labari kuwa, lambar da ake rubutawa cikin da'ira ba mazauniya ba ce, yawan mazauna ce. Yaro ya ga "mutum 20 na son lissafi" sai ya ɗauki 20 kamar murfi ya dasa ta a hagu zalla, bai cire na tsakiya ba. Wani ma ya ga 12 sai ya sa ta tsakiya saboda 2 da 3 na raba ta, alhali tambayar ba ruwanta da rabawa. Murafen da suka warkar da ciwon bara su suka haifar da na bana. Ban taɓa tsayawa na raba musu "wace ce a nan" da "su nawa ne a nan" ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Na yanka kwali ƙanana, na liƙa wa kowanne tsinken tsire kamar tuta. Murfi mazauni, tuta ƙidaya. Ba kuɗi.

Talata, 18 ga Fabrairu

Yau su kansu ne murafen. Na zana manyan da'ira biyu a filin ƙwallo da toka. Wanda ake kiwon kaji a gidansu ya ɗaga hannu: 41. Awaki: 33. Mu 58 ne a wurin. Na ce 41 da 33 nawa? 74. To ina sauran sha shidan, aljanu ne? Aka shiga da'ira. Shida suka tsaya waje, ba kaza ba akuya. Tsakiya 22, kaji zalla 19, awaki zalla 11. Kowane gurbi na ba mutum ɗaya tuta ya rubuta yawansu ya kafa a ƙasa, sannan na ce kowa ya fita. Aka bar tutoci huɗu a fili: 19, 22, 11, 6. Na ce to ga abin da ke cikin takardar jarrabawa, mutanen sun tafi, yawansu ya rage. Ina 41? Suka nema ba ta a ƙasa. Sai wani ya ce 19 da 22 ce.

Daga nan na cire tutar tsakiya na ce a nemo ta da lissafi: 58 a cire 6 saura 52, 74 a cire 52 saura 22. Da haka ya kamata in fara tun makon jiya.

Baba mai gadi ya tsaya yana kallonmu har aka gama, ya ce shi a da'irar awaki za a sa shi, kajinsa ciwo ya share su.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Masu raba 24 da masu raba 36. Na 24: 1, 2, 3, 4, 6, 8, 12, 24. Na 36: 1, 2, 3, 4, 6, 9, 12, 18, 36. Tsakiya ta ɗauki 1, 2, 3, 4, 6, 12, babbarsu 12. Lafiya lau.

Sai na so in yi burga da ɗaya hanyar, ta warware kowace zuwa gagara-rabo: 24 ita ce 2 × 2 × 2 × 3, 36 kuma 2 × 2 × 3 × 3. A sa 2, 2, 3 a tsakiya, ragowar 2 a hagu, ragowar 3 a dama. Ka ninka na tsakiya ka samu 12, ka ninka duka ka samu 72, ƙaramar lambar da su biyun ke rabawa. Ina cikin rubuta 2 ta biyu a tsakiya yarinyar nan ta ɗaga hannu: "Malam, ba kai ka ce lamba ɗaya murfi ɗaya ba?" Ta kama ni dumu-dumu. Na amsa mata cewa gaskiyarta, a ƙa'idar rukuni ba a maimaita mazauni, wannan aron zanen aka yi don sauƙin lissafi. Badi ba zan haɗa su rana ɗaya ba.

Lokacin tara malamin darasin addini ya tarar da ni ina tattara kaya, ya ce a gwada masa 8 da 6. Muka jera ninkin 8 da ninkin 6, tsakiya ta ba da 24 da 48. Ya yi murmushi ya ce ai wannan ita ce asalin mas'ala a rabon gado: in mamaci ya bar ɗa, matarsa na da sumuni (ɗaya bisa takwas), mahaifiyarsa na da sudusi (ɗaya bisa shida), sai a kasa dukiya 24, mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4. In rubu'i ne ya haɗu da sulusi ko sudusi, 12 ake nema. Ya ce tun yana zaure ya haddace su, 2, 3, 4, 6, 8, 12, 24, amma bai taɓa ganinsu a shimfiɗe a ƙasa ba. Ya nemi aron zobban.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ƙarin tiyo yadi huɗu, yanzu ₦800 yadi, ₦3,200. Jimla ₦21,300. Shugaban makaranta ya ba ni ₦5,000 daga aljihunsa jiya, ya ce, "Malam, a yi haƙuri da wannan." Na gode masa. Nawa ya tsaya ₦16,300.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Manhaja ba ta wuce da'ira uku ba, amma 49 ta tsaya wa yara a rai, suna ta cewa a kawo zoben 7 a kama ta. Na biye musu ba tare da na gwada a gida ba, kuma na sha kunya.

Na jera huɗun kamar fure: 2 sama hagu, 3 sama dama, 5 ƙasa dama, 7 ƙasa hagu. Aka fara ajiya lafiya har aka zo 10. Tana son inda 2 da 5 suka haɗu su kaɗai. Babu wurin. Duk inda ja da rawaya suka gamu, ko 3 na ciki ko 7 na ciki. Muka ja wannan, muka tura wancan, in an samar wa 10 wuri sai wata ta rasa nata. Ƙarshe murafe biyar suka rage a hannu: 10, 20, 40, 50, da 21, wadda ita ma 3 da 7 ke fuskantar juna ta kusurwa. Aka kaɗa ƙararrawa ina tsugune ina gumi cikin sanyi.

Da daddare na zauna da takarda. Rukuni huɗu na bukatar gurbi 16, tunda kowane sabon zobe ninka gurabe yake yi: 2, 4, 8, 16. Amma da'ira biyu ba sa gitta juna fiye da wuri biyu, saboda haka ta huɗu in ta ratsa ukun farko wuri shida kawai za ta yanka, gurbi shida za ta ƙara a kan takwas. 14 ke nan, ko wa ya jera su. Ba hannuna ne ya gaza ba, da'irar ce iyakarta ke nan. Shi ya sa Venn da kansa da ya zo rukuni huɗu ya bar da'ira ya koma siffar ƙwai.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Tiyo ya yi abin da tayar keke ba za ta taɓa yi ba. Na ɗaure cikin kowane zobe da zare na matse shi ya yi tsawo kamar ƙwai, biyu suka jingina dama, biyu hagu, na danne da duwatsu. Na sa yara suka ƙirga gurabe da tsinke: 16 har da waje. 10 ta samu ɗaki ita da 'yan'uwanta uku, 21 ta samu nata ita kaɗai, 35 ita kaɗai, 42 ita kaɗai, 49 ta koma wajen 7.

Gurbi uku suka tashi ba kowa. Na tambayi wa ya kamata ya fara zama a kowanne, suka lissafo 70, 105, da 210 a tsakiyar tsakiya, duk sun fi ƙarfin gwangwaninmu. A waje aka bar guda 14: lamba 1, da gagara-rabo sha uku daga 11 zuwa 59. Yaron nan da ya ce na waje duk gagara-rabo ne ya ce to yanzu maganarsa ta tabbata in aka cire 1. Na ce ta tabbata har zuwa wani wuri, ya nemo mini lambar farko da za ta ƙaryata shi. Kafin a tashi ya zo da 121 rubuce a tafin hannu.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Gwaji na biyu jiya, tambayoyin labari uku, mutum 55. Talatin da huɗu sun ci biyu ko fiye. Mai da'ira uku har yanzu tana kayar da su, musamman in an ce "kaza da kaza kawai". Kalmar "kawai" ɗin nan ba sa ganinta. Akwai kuma mutum bakwai da ko tambayar ba su iya karantawa da Turanci ba, nasu ba aikin tiyo ba ne.

Yau ake duban wata, makaranta za ta tafi hutun azumi. Abin da ke jira in an dawo: murafe 61 zuwa 130 don 121 ta samu shiga, fenti ya isa amma siminti sai na roƙa, sabon itacen haɗi na zoben shuɗi, ya fara zamewa, tambayoyin "kawai" guda goma da zan fara ba su da Hausa kafin Turanci. Zobe biyu suna wajen malamin addini. Na ƙirga murafe kafin in rufe gwangwani, 59 ne, 37 ba ta nan.